Jituwar Baƙaƙe a Hausa da a Harsunan da Ɗan Adam Ya Ƙaga



Kafin in ce kome ina neman gafarar malamai, domin gonar da zan shiga tasu ce, ni kuwa ɗan koyo ne wanda bai daɗe da riƙe fartanya ba. An nemi in yi magana a kan jituwar baƙaƙe, watau yadda baƙi biyu da ke cikin kalma guda kan lura da juna ko da akwai wasali ko gaɓa a tsakaninsu, har ɗaya ya ɗauki kamannin ɗan'uwansa, ko kuwa ya ƙi zama wuri guda da shi sam. Na san akwai waɗanda suka ga kan maganar a allo suka ce a ransu, wannan ai sha'anin 'yan ajin harshe ne. Ina roƙonsu su kasa kunne na ɗan lokaci, domin duk wanda zai rubuta sanarwa, ko ya fassara takardar hukuma, ko ya laƙaba wa sabon abu suna da Hausa, maganar nan ta shafe shi.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni. A hutun da ya wuce, samarin unguwarmu a Gwandu suka ɗora mini rubuta sanarwar karo-karo don gyaran rijiya, tun da ni ne ɗan jami'a. Na ɗauki waya, na sa mata allon rubutu mai ƙugiya, na shiga zuba ƙugiyoyi kamar mai yafa iri, ina jin lalle yau za a san an yi karatu. Na rubuta “ƙuɗin gyaran rijiya”, na rubuta “ɗaƙin taro”. Kafin a buga, na kai wa kakana, wanda ajami ne karatunsa, bokonsa kuwa na yaƙi da jahilci ne. Ya daɗe yana duban takardar, sa'an nan ya ce in karanta masa daidai yadda na rubuta, kada in gyara kome da baki. Na buɗe baki zan ce ƙuɗi, harshena ya sarƙe. Ya karkato kunne ya ce, “Ƙaƙa kac ce, ɗan boko? Sake hwaɗi.” Na sake, abin ya fi na farko muni. Ya yi dariya har da tari, ya ce in je in nemo wanda ke kiran kuɗi haka in auna masa gero kyauta.

Tsohon nan bai taɓa jin sunan ilimin tsarin sauti ba, amma kunnensa ya kama ni da laifin karya wata doka wadda ba wanda ya taɓa koya masa ita. Da na dawo makaranta na shiga bin ƙamus shafi shafi, sai na tarar dokar ta fi yadda na zata faɗi.

A Hausa muna da baƙaƙe waɗanda ake furtawa tare da tsuke maƙwallato: ɓ, ɗ, ƙ da danginta ƙw da ƙy, da ts, da kuma 'y. Kada rubutu ya ruɗe mu game da ts. Ba ta da ƙugiya a takarda, amma a baki 'yar gidan ce. Kowa ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ce ɓa, ɗa, zai ji zakaran wuya ya yi ƙasa, shi ya sa malamai suka kira su haɗiyau. Ya ce ƙa, tsa, zai ji ya yi sama yana ingiza iska, su ne tunkuɗau. To, a cikin saiwar kalma ta asalin Hausa, biyu daga cikin waɗannan ba sa haɗuwa sai fa in iri ɗaya ne. Muna cewa kuɗi, kaɗan, kiɗa, kwaɗo, kwaɗayi, da k marar ƙugiya, domin ɗ ta riga ta kama wuri. Muna cewa ɗaki, ɗauka, ɗinki, ɗoki. Muna cewa karɓa, kurɓa, kuɓewa, kuɓuta. Kitso, kitse, katse, kutsa. Tsaki, tsako, tsakiya, tsakuwa. Baƙo, buƙata, danƙo, ƙadangare, ƙoda. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace kalma ɗan maƙwallato guda ta ɗauka ta rufe ƙofa.

Amma in baƙin guda ne ya dawo, ana marhabin da shi: ƙoƙari, ƙaiƙayi, ƙanƙara, ƙwaƙwalwa, ɓaɓatu, ɓarɓashi, ɗanɗano, tsatsa, tsutsa, tsuntsu, tsintsiya, 'ya'ya. A nan ne ma sunan jituwa ya fi dacewa, domin abin da harshen ya fi ƙyama shi ne mai ƙugiya ya zauna da takwaransa marar ƙugiya. Muna da koko na sha, muna da ƙoƙo na duma, ba mu da ƙoko, ba mu da koƙo. Muna da kaka, mu nan yamma kuma muna da ƙaƙa, wadda Bakano ke cewa yaya, amma ba wanda ke cewa ƙaka ko kaƙa. Ko dai su biyun su ɗauki ƙugiya, ko su biyun su ajiye ta.

Ba zan ɓoye muku togiyar dokar ba, don kada wani ya tare ni da ita a bakin ƙofa. Ana samun d ta gabaci ɗ, kamar a daɗi, daɗe, daɗa, doɗe, ko da yake ɗ ba ta gabatar d. Haka s kan gabaci ts a santsi da sartse. Akwai ƙarko, wadda za ku ga wasu na rubuta ta ƙarƙo, kamar hannunsu na neman mayar da ita kan hanya. Daɗin daɗawa, ikon dokar bai wuce saiwa ba. Jam'in ƙauye ƙauyuka ne, k ɗin ɗafin jam'i ba ta sauya ba. Muna cewa ƙasarka, muna cewa ɗan ƙasa, babu wanda ya ji wani ɗaci, domin kalmomi biyu ne aka jera. Saboda haka masana ke cewa tamu jituwar ta zaune ce: ba ta bin ɗafi tana sāke masa kama, iyakarta ta tsare ƙofar saiwa ta hana wasu siffofi shiga. F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya yi magana a kanta a 1970, Paul Newman kuma ya shimfiɗa ta a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Daga nan ta shiga littattafan masu kwatanta harsunan duniya, irin su Gunnar Hansson, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan jituwar baƙaƙe a 2001, aka buga shi littafi a 2010.

Ya kamata mu raba wannan da naso, wanda muka saba ji a aji. Idan mutumin Gwandu ya ce rigas sarki ko hulab Bello inda Bakano zai ce rigar sarki da hular Bello, baƙi ne ya nashe maƙwabcinsa na jiki da jiki, ba kome tsakaninsu. Wannan kowane harshe na yi, kuma dalilinsa a fili yake, harshe na neman gajeriyar hanya. Jituwa kuwa daga nesa take aiki, ta tsallake wasali, wani lokaci ta tsallake gaɓa sukutum. Shi ya sa ta fi naso ƙaranci a duniya, ta kuma fi shi ban mamaki. Muna da ɗan gutsurenta mai motsi a bakinmu: wasu na cewa sashe, wasu shashe, inda sh ta ƙarshe ta jawo s ta farko ta mai da ita irinta. Kalmar da muka aro daga Larabci, larura, ta zama lalura a bakin da yawa daga cikinmu. Abin da Hansson ya lura da shi shi ne, a yawancin harsuna baƙin da ke tafe ne ke jawo wanda ya gabace shi, kuma s ce ta fi komawa sh, ba sh ke komawa s ba, daidai da irin tuntuɓen harshen da mutum kan yi in yana sauri. Watau baki kan yi gaggawar shirya sautin da bai iso ba tukuna. Yaran da ke wasan karya harshe, suna jera k da ƙ don su ga wanda zai fara sarƙewa, da wannan rauni namu suke wasa.

Kada kuwa mu zaci maƙogwaron ɗan Adam ne ba ya iya haɗa ƙugiya biyu. Mu nan ƙasar Gwandu ba mu da uzurin wannan zato, domin Fulatanci na tare da mu a kasuwa da ruga, a cikin gidajen wasunmu ma. Bafulatani na da ɓ da ɗ, kuma yana kiran ɗa ɓiɗɗo, ya haɗa su a kalma guda ko a jikinsa. Mutum ɗaya mai harshe biyu zai ce ɓiɗɗo da safe, da rana ka ba shi ƙuɗi ya tofar. Ashe ba gazawar tsoka ba ce, al'adar harshe ce. A can Jihar Ribas, Kalabari sun bi wata hanya dabam: a wurinsu ɓ da ɗ abokan zama ne, b da d ma haka, abin da saiwarsu ba ta so shi ne a gauraya mai haɗiya da marar haɗiya. Abin da Hausa ta hana, shi Kalabari ta halatta.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Ngizim, harshen da ake yi a Potiskum ta Jihar Yobe, ɗan'uwan Hausa na jini a cikin dangin harsunan Cadi. Russell Schuh, wanda ya daɗe yana nazarinsa, ya nuna cewa a Ngizim baƙi mai ziza kan jawo marar ziza da ya gabace shi. Abin da muke kira kaza su gaza suke ce mata, z ta mai da k ta koma g. Shida tamu kuwa a bakinsu ta fara da z, saboda d ɗin da ke biye. Kalma ɗaya muka gāda daga kakanni ɗaya, su jituwa ta taɓa tasu, mu ta bar tamu. Buzaye ma, waɗanda ba baƙi ba ne a garuruwanmu, suna da tasu tare da sauran harsunan Berber: ɗafa-goshin da ke nuna sa wani ya yi abu s ne, amma in akwai z ko sh a cikin saiwa, komin nisanta, sai ya rikiɗe ya zama irinta. A Kikongo kuma ɗan hanci ne ke mulki, in saiwa na da m ko n, sai d ko l ta ɗafa-ƙeya ta koma n. Kowane harshe da irin abin da kunnensa ya tsana.

Yanzu bari in komo gida. Tun da Shehu Usmanu ya sauka Gwandu a 1805, garin ya zama mazaunin malamai, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke can, bai tsaya ga tafsiri da fiƙihu kaɗai ba. Ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu, ya wallafa Hisnur Rasin a kan sarfu, watau ilimin ginin kalma. Ilimin da ya gāda ya san irin tambayar da muke yi yau tun da daɗewa. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, da ya tashi tsara Kitabul Aini, sai ya ɗauki haruffan Larabci ya juya su ta kowace fuska da za su iya haɗuwa, ya ware haɗin da Larabawa ke amfani da shi, ya ware wanda suka yi watsi da shi. Ya ga ainun da ha mai kauri ba sa haɗuwa a saiwa guda saboda kusancin mafitarsu. Malaman da suka biyo bayansa suka ƙara da cewa in ka ga jimun da ƙaf a kalma ɗaya, to, ka tuhume ta da baƙunta. Abin lura shi ne Larabci gudun kama yake yi, ba ya son baƙaƙe masu mafita ɗaya su cunkushe a saiwa, al'amarin da Joseph Greenberg ya tabbatar da ƙidaya a 1950. Hausa kuwa cewa ta yi, in za ku yi kama, ku yi ta gaba ɗaya.

Halilu ya bar wani ma'auni wanda ya shafi rabin maganata na biyu kai tsaye. Ya ce duk kalma mai harafi huɗu ko biyar wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin haruffa shida, r, l, n, f, b, m, ƙagaggiya ce, ba daga bakin Larabawa ta fito ba. Watau fiye da shekara 1,200 da suka wuce an riga an gane cewa ana iya kama kalmar ƙirƙira ta hanyar zaman baƙaƙenta.

Ma'aunin nan na aiki a Hausa. Masu ajami sun ba ɗ harafin ɗa mai hannu, sun ba ƙ harafin ƙaf, haka kuma kunnen Bahaushe ya karɓi waɗannan sautuka na Larabci: ɗalibi, Ɗahiru, ƙabila, alƙali, ƙamus. To, idan kalmar Larabci ta zo da su biyun fa? Sai ga ɗariƙa, sai ga ɗabbaƙa, ɗ da ƙ a gida ɗaya, abin da kuɗi da ɗaki ba su samu ba. Kalmomin nan sun shigo ta hannun malamai masu tsare lafazi, suka zauna da ƙugiyoyinsu biyu, har yau kuma shigarsu na nuna daga inda suka fito. Wanda bai san Larabci ko kaɗan ba, in ya san dokar nan, zai iya nuna ɗariƙa da yatsa ya ce wannan baƙuwa ce. Ni a ganina wannan bai rushe dokar ba. Ya dai nuna cewa harshe kan ɗaga wa baƙo ƙafa in ya zo da alfarma, kuma alfarmar ilimi da addini ce ta shigar da waɗannan.

Sai harsunan da ɗan Adam ya zauna ya ƙaga da alƙalami. Ba sabon abu ba ne. A duniyar Musulmi akwai Balaibalan, wanda ake dangantawa da Muhyi Gulshani, wani sufi da ya zauna a Alƙahira a ƙarni na 16. A Turai wani limamin kirista Bajamushe, Johann Martin Schleyer, ya fito da Volapük wajen 1880, sa'an nan likitan ido Zamenhof ya buga littafin Esperanto a birnin Warso a 1887, da ƙa'idojin nahawu 16 kacal. Mu ma nan Afirka ta Yamma ba a bar mu a baya ba. Alex Igbineweka ya fara Guosa a 1965, yana tsintar kalmomi daga Hausa da Yarabanci da Ibo da wasunsu don Nijeriya ta sami harshe guda, Kumi Attobrah na Gana kuma ya fito da Afrihili a 1970 don nahiyar baki ɗaya.

Burin irin waɗannan mutane sauƙi ne, sauƙi kuwa a wurinsu shi ne kowane ɗafi ya tsaya da siffa ɗaya har abada. A Esperanto alamar jam'i guda ce, alamar karɓau guda ce, ba ruwansu da baƙin da ke cikin saiwa. Jituwa irin ta Buzaye ko ta Kikongo, inda ɗafi ke sāke riga saboda wani baƙi da ke can nesa, ita ce abu na farko da mai neman sauƙi zai jefar. Ban ga laifinsu ba, mai koyon harshe da girma zai gode musu. Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi. Mai ƙaga harshe dokokin da ya sani kaɗai yake iya rubutawa, alhali kuwa harshen uwa cike yake da dokokin da masu shi ba su san sun sani ba. Wanda ya tsinci kalma daga Hausa, ya tsinci wata daga Yarabanci, ya zuba su a tukunya ɗaya, ya ɗebo kalmomin ne, ya baro ƙa'idar da ta sassaƙa su. A zamanin nan akwai masu ƙaga harsuna don fim da littattafan ƙagaggun labarai, ko don nishaɗi kawai, waɗanda suka gane haka, har sukan dasa jituwar wasula ko ta baƙaƙe da gangan don harshen nasu ya yi ƙamshin na gaske. Abin da na farko suka zubar a matsayin wahala, shi na baya ke saye da tsada. Ko zaurancen da 'yan mata kan yi don su ɓatar da mu, in kun lura, gaɓoɓi yake juyawa ko ya cusa wasu, kayan Hausa yake aiki da su, shi ya sa kunne ke karɓarsa.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu, ai ba harshe za mu ƙaga ba. Ni kuwa na ce muna ƙagawa kullum, kaɗan kaɗan. Duk ma'aikacin lafiya ko na gona da aka miƙa wa takarda aka ce ya mai da ita Hausa kafin gobe, duk ɗan jarida da sabon abu ya faɗo masa ana saura minti goma labarai, ƙaramin Zamenhof ne. Bari mu gwada. Ga kalmomi uku da na ƙaga a ɗakin kwana, ba su da ma'ana ko ɗaya: ƙoƙama, koɗama, ƙoɗama. In na ce muku biyu sunayen ciyayi ne da ke fitowa a fadama, ɗaya kuwa ƙarya ce, wace za ku jefar? Na ga bakunanku sun riga sun ba da amsa. Ba wanda ya koya muku, kuma ba ku yi shawara da juna ba.

Kalmomin da aka ƙaga suka karɓu, hanyar nan suka bi. Ƙanjamau ta hau ƙirar sanƙarau, daga ƙanjamewa kamar yadda waccan ta fito daga sanƙarewa, shi ya sa ta shiga ƙauye ba tare da an yi mata rakiya ba. Malamanmu da suka ƙaga haɗiyau da tunkuɗau ƙirar nan suka bi. Da suka buƙaci ɗ da ƙ tare, sai suka bar su kalmomi biyu da karan ɗori a tsakani, suka ce ɗafa-ƙeya. Amma a ce wani mai son gajartawa ya ɗauki ɗakin ƙwaƙwalwa ya matse shi ya ce ɗaƙwal, kamar yadda ake matse sunayen hukumomi da Turanci, to, ko an buga ta a takardar gwamnati da hatimi, a bakin mutane ɗaya daga cikin ƙugiyoyin za ta faɗi, ko kalmar ta mutu a cikin fayil. Asarar ba ta kalma kaɗai ba ce. Saƙon rigakafi ko na taki da aka ɗora a kanta shi ma bai isa ba.

Amfani na kusa kuwa shi ne na rubutu. Ƙamusun Bargery na 1934, mai kalmomi kimanin 39,000, da ɗan waƙafi a sama ya nuna waɗannan sautuka. Ƙugiyoyin sun shigo boko a shekarun 1930, suka zauna da gindinsu ta hanyar littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Da wayar hannu ta zo, muka yi shekaru muna rubutu ba ƙugiya, har wasunmu suka girma ba su san inda take zama ba. Yanzu allon rubutu mai ƙugiya ya samu, sai ga sabuwar cuta, wadda ni ma ta kama ni: zuba ƙugiya ko'ina don a ga mun iya. Ku duba Facebook da WhatsApp ku ƙirga ƙuɗi, ƙaɗan, ɗauƙa, tsaƙani, ɓuƙata. Na fi jin tsoron wannan a kan rashin ƙugiyar, domin mai karatu ya san rubutu marar ƙugiya gurgu ne, yakan cike gurbin da kansa, amma mai ƙugiya biyu kama da na masana yake yi, yaro ya gani ya kwafa. Na'urorin da ke gyara rubutu da masu fassara kuma daga abin da muka zuba a intanet suke koyo. Maganin rabin wannan cuta jimla ɗaya ce: in ka ga ƙugiya biyu mabambanta a kalma guda, ko ƙugiya da ts, kuma kalmar ba ta Larabci ba ce, ba kuma harɗaɗɗiya ba, to, ɗaya ta yi yawa. Na ce rabi, domin dokar ba za ta gaya maka wace za ka cire ba, kuma ba za ta kama mai rubuta ɗaɗi a maimakon daɗi ba, tun da ɗ biyu ba su saɓa mata ba. Wannan sai kunne, sai ƙamus.

Akwai aikin da ya rage, kuma namu ne mu 'yan wannan yanki. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, misalan da ke cikin littattafai ma yawancinsu daga can suke. Mu kuwa muna cewa ɗiya inda suke cewa 'ya, muna riƙe da zamna da amre inda suka koma zauna da aure, ts ɗinmu ma takan karkata ta zama wani sauti mai kama da c a kalma irin dutse. Karin harshen da ya adana tsofaffin siffofi haka shi ya fi cancanta a tambaya ko dokar ƙugiya ta tsaya a cikinsa daidai yadda ta tsaya a Kano, ko tana da wasu togiyoyi. Sunayen kifaye da na kayan su a bakin Sarkawa, sunayen irin shinkafa da ciyayin fadama a bakin manoman Kalgo da Bunza, kalmomin da ke kwance cikin takardun ajami a zaurukan Gwandu, duk wuraren nema ne, kuma ba sa bukatar kuɗin bincike, littafin rubutu da haƙurin zama gaban tsofaffi kawai suke so.

Shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu. Roƙona ga 'yan'uwa shi ne, hutun nan mai zuwa kowa ya tafi da ɗan littafi a aljihu. Wanda ya ji kalmar asalin Hausa mai ƙ da ɗ, ko ɓ da ts, ko ɗ da ta gabaci d, a bakin mutum ba a takarda ba, ya rubuta ta da garin da ya ji ta da sana'ar wanda ya faɗa, ya kawo mu zauna a kanta a zangon karatu na gaba. Geron da kakana ya yi alkawari yana nan a rumbu, har yanzu ba wanda ya zo karɓa.